Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

Ni dai ban roƙi kowa ya ba ni tukunyar nan ba. Ranar da anka sauke ta a kicin ɗin makarantar kwana ta 'yan mata inda nike aikin girki a Isa, sai shugabar makaranta tan nuna ni, wai ni ce mai ƙuruciya cikin masu dahuwa.

"Mas'uda, ke za ki riƙe ta. In ta lalace, aikinki ya lalace."

Bawa mai gyaran wuta shi yak koya mani. Tukunya biyu ce, guda cikin guda, da ruwan batir kulle tsakaninsu. Lantarki ya tafasa ruwan, tururi ya lulluɓe tukunyar ciki tun daga gindi har wuya, shi ke dahuwar. Akwai ɗan gilashi a gefe mai nuna tsayin ruwan.

"Kullum ki duba shi," in ji Bawa. "In ruwan ga ya yi ƙasa, da kanta za ta ɗauke wuta, ko rantsuwa kika yi ba ta tashi."

Wallahi tana aiki. Ba hayaƙi, ba hawaye, tuwon dawa ya nuna lugwi-lugwi, a murza hannun tukunyar ta karkata a kwashe. Kuma ba ta kamu, ko kaɗan. Nan rigima tat taso.

Adda Kadijatu, mutuniyar Kamarawa, ita ce babbarmu, tun ina goye take girki a wurin. A al'adar kicin ɗin, tuwo na ɗalibai ne, ƙanzo na masu dahuwa. Ita ke kankarewa ta raba, ta ɗauki babban kashi, a shanya, a jiƙa wa yara da safe. Ranar farko ta zura hannu har kafaɗa, ta shafo gindin tukunya sumul kamar faranti.

"Wagga aba ba ta da albarka," tac ce. "Tukunyar da ba ta barin komi ga wanda yad dafa!"

"Adda, ba ni niƙ ƙera ta ba."

"Amma ke ka lallashinta kamar jinjira. Ke ba ki da bakunan ciyarwa, shi ya sa."

Ji min mata! Ni da ke riƙe da tsohuwata a Turba da wannan aiki. Na haɗiye dai. Daga nan gaisuwa ta mutu. In na shigo a yi tsit, in na juya a yi tsaki. Har Naja'atu da muke cin abinci kwano guda ta ɗauke tabarmarta.

Wata Laraba da hantsi na leƙa sito karɓo gari. Ina dawowa sai ga ruwa kwance ƙarƙashin tukunya, gilashi fayau babu ko ɗigo, Adda na tsugune da sifana a hannu.

"Adda! Mi kika yi?"

"Ruwan ga shi ka tsare wuta," tac ce, ko kunya babu. "Na zubar. Yanzu wuta ta taɓa gindin kamar kowace tukunyar Allah."

Na danna makunnin, na sake dannawa. Shiru, sai wata 'yar fitila ja. Na ji kamar in rufe ta da muciya. Bawa ya tafi Sabon Birni, wayarshi ba ta shiga, ruwan batir kuwa babu shi a makarantar. Itace ma an daina saye. Azahar ta yi, yara sunka jeru da kwanoni, babu ko talge.

Shugaba ta shigo tana huci. Na faɗa mata komi, na nuna Adda da yatsa, ban ji nauyin furfurarta ba.

"Ni?" in ji Adda, ta dafe ƙirji. "Ina ni ina kayan bature? Hajiya, tambayi mata."

Shugaba ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ce ba ta ga komi ba. Na tsare Naja'atu da ido, ita da ke yankan kuɓewa dab da tukunyar.

"Ni dai Mas'uda kaɗai nike gani tana taɓa ta," tac ce, kanta a ƙasa.

Munafukai! Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce a jira Bawa. Shugaba ta ce Bawa zai faɗi abin da anka yi, ba zai faɗi wanda ya yi ba, kuma ita ba za ta kori mata biyar saboda mutum guda ba. Ta ce in kwashe nawa ya nawa.

Na ɗauki mayafina da ɗan kwanona. A bakin ƙofa na juyo nic ce, "Allah ya isa tsakanina da ku, duka."

Adda na can tana jawo tsohuwar tukunyar ƙarfe daga bayan sito. Ba ta ko ɗago ba, tac ce:

"Mas'uda, tunda hanyarki ce, ki ce wa mai itace ya kawo kaya biyu."