Maganin da Aka Ce Ba Ya Kama Mutum

A wajen zumuntar mata Edna ta tsinci labarin: wai an kawo wani sabon magani kemis ɗin Zonkwa, yana kashe zafin ciwo amma ba ya kama mutum. Sunansa Delta, in ji su.

Edna ta tsufa tana koyar da kimiyya, "wai" ba ta cika shiga kunnenta ba. Sai dai mijinta Obadiah yana kwance, cutar daji ta shiga ƙashinsa, ga ruwan mofin, maganin kashe zafin da asibiti suka bayar, ta kulle a kabad. Tiramadol ne ya cinye ɗansu Nelson, ta kuma rantse dangin wannan magani sun gama shiga bakin kowa a gidanta.

"Malama, ko rabin cokali," Obadiah yakan ce. "Ni da ƙafata ɗaya ke cikin kabari, shaye-shayen me zan koya?"

"Daure, Baban Nelson. Bari in ga wannan tukuna."

Ta hau bas ta sayo kwalin, ta kai wa Yemima, tsohuwar ɗalibarta, mai harhaɗa magunguna a Kafanchan.

"Mama, ke ma? Ke da kika hana mu yarda da abin da ba mu gwada ba?"

"Shi ya sa na zo. Bar surutu ki duba."

Yemima ta ce sunan ba ƙarya ba ne. Jiki yana da ƙofofin da irin waɗannan magunguna ke bi. Mofin da tiramadol suna bin wadda ke kashe zafi amma tana danne numfashi, tana sa mutum ya kasa bari. Delta wata ƙofa ce daban. Masu bincike suna fatan ta rage ciwo har da baƙin ciki, sai dai magungunan farko sun sa dabbobin gwaji jijjiga kamar masu farfaɗiya.

"To yaushe zai fito?"

"Ba wanda ya sani, Mama." Ta ɓare kwalin, ta juya ƙwayar a tafin hannunta, ta karanta lambar jikinta. Muryarta ta sauka. "Baba fa? Yana shan mofin ɗinsa?"

Edna ta kalli ƙasa.

Ashe tiramadol ne aka zuba a sabon kwali. Maganin delta bai wuce gwaji ba, Obadiah kuwa ba zai ga fitowarsa ba. Tun farkon damina yake shan azaba, maganinsa na kulle a ɗakin da yake kwance.