Katin Rigunan Aiquile

A shagon ɗinkinmu na birnin Cochabamba akwai allo mai gida uku: aikin da ke jira, wanda ake yi, da wanda aka gama. Kowane aiki da katinsa. Wanda ya kai kati gidan ƙarshe sai ya kaɗa ƙararrawa, a tafa masa.

Sati biyu rabona da ƙararrawar, abokin aikina Nicanor kuwa ya sa ni gaba: "Wilmer, hannun ne ya sage?"

Ran Juma'a na tura katin rigunan 'yan ƙwallon garin Aiquile gidan ƙarshe, alhali ban ɗinka lambobin baya ba. Na kaɗa, aka tafa. Ban san Doña Eulalia, mai shagon, takan aika wa masu kaya hoton allon ba.

Washegari sai ga Don Fermín, mai horar da yaran, ya sha tafiyar awa biyar, riƙe da buhun da zai zuba rigunan. Wasansu Lahadi.

Doña ba ta yi faɗa ba. Ta ciro katin ta miƙo mini.

"Ɗana, mayar da shi inda ya dace, da hannunka."

Taku huɗu ne zuwa allon. Da Nicanor ya tsokane ni ma da na ji sauƙi, amma ko kai bai ɗaga ba.