Mai Riƙe Labule

Ni na fara ganinta, kafin mijinta, kafin 'yarta, kafin duk masu cika baki yanzu a ƙofar shagon suna cewa a gabansu aka yi. Ni ɗin nan da ban taɓa zama a aji ba, wanda gobara biyu da rushewar bene suka gaishe shi suka wuce, har layinmu ya sa mini suna Ƙi-Mutu. Shekara arba'in ina gyaran agogo a jikin bangon shagon Mai Hoto, saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi ba.

Mai Hoto ya ɗauki fuskar rabin gari. Jarirai, ɗalibai, direbobi masu neman lasisi, 'yan ƙwallo da kofinsu, duk sun zauna a kujerarsa ta ƙarfe, gaban labulen nan mai zanen teku da kwale-kwale. Bangon gefen dama ya ƙi riƙe ƙusa, ko an buga sai ta zame, don haka matarsa ce ke tsayawa ta ɗage kusurwar labulen da hannu har a gama ɗauka. Da haka ya sa mata suna Mai Labule, sunan kuma ya bi ta har ranar da ta bar duniya, yau shekara goma sha tara.

A duk wannan tulin hotuna ba shi da nata ko ɗaya. Fim na da tsada a wancan zamani, masu biya ke gaba. Ta taɓa yin sabon ɗinki ta zo ta zauna a kujerar da kanta, ta gyara ɗankwali. Ya leƙa waje ya ce rana ta yi ƙasa, a bari sai gobe. Ta ce to, ta tashi. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben. Ɗan hoton da ke katin shaidarta kuwa ya tafi da ruwan da ya taɓa cin ɗakinsu.

Da farko abin bai dame shi ba, don da ya rufe ido zai gan ta. Da shekaru suka ja, sai fuskar ta fara zamewa. Yana tuna tafiyarta, yana tuna yadda take tari kafin ta yi magana, amma in ya nemi hanci da baki su haɗu wuri guda sai su watse kamar hoton da aka tsame daga ruwan wanki da wuri. Ana nan likita ya haska masa ido ya ce jijiyar gani ce ke mutuwa, na hagu ya kusa tafiya, na dama zai bi shi, magani jinkirtawa kawai zai yi. Ya dawo ya zauna a bencina har na gama ɗaura wa wani agogo fata. Sannan ya ce ba makantar yake tsoro ba, shiga duhu ba tare da fuskarta ba ne.

A makon ne Auta ta kawo sabuwar kwamfuta. Auta 'yarsu ce ta ƙarshe, malamar makaranta, ita ma da 'ya'yanta manya, amma a wurin ubanta har yanzu yarinya ce mai ɓarnar kuɗi. Ta ce mutane suna ta zuwa neman hotunan iyayensu, ga kwali goma sha ɗaya na nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, suna rubewa a ɗakin duhu. Ta haɗa da wata faffaɗar na'ura mai murfi, sikana, wadda ke kwashe hoton fim ta zuba a kwamfuta. Ta ce babbar manhajar da ke tuƙa wannan kwamfutar sabuwa ce fil, komai a cikinta yake, ba sai an je an sayo wani abu an ƙara ba.

Mai Hoto ya taɓe baki ya ce shi da ya wanke hoto da hannu cikin duhu, akwati ba zai koya masa sana'a ba. Auta ta sa fim ɗaya, ta danna wani wuri, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, sai ga wani mai gashin baki yana murmushi a allo. Aikin da ke cin ubanta rabin yini. Ta danna wani wurin, rubutu da hoto suka kumbura har ƙwayar idon mutumin ta kai faranti. Ta ja hoto ɗaya gefen hagu ya manne, ta ja wani gefen dama ya manne, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Mai Hoto ya ce wasan yara ne, amma ya jawo kujera.

Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta yi awa biyu tana zuba fim. Ranar da aka gama kwali na biyu, na shiga aron filaya, sai na ga wasu ƙananan da'irori sun jeru a gefen allo, kowace da fuska. Auta ta ce ai kwamfutar ce da kanta take tara hotunan mutum ɗaya wuri guda, ta jira a gaya mata sunansa. Idon mai gyaran agogo ba ya wuce ƙaramin abu. Can ƙasa na hango wata da'ira mai rabin fuska, ido ɗaya da gefen kunci.

"Kai, Mai Hoto," na ce, "abin nema ya samu. Waccan ba mutuniyar ba ce?"

"Wace mutuniya?"

"Mutuniya nawa gare ka?"

Auta ta danna. Hotuna talatin da ɗaya suka baje. A tsakiyar kowanne baƙo ne a kujera, amma can bakin gefen dama, inda labule ya ƙare, ga hannu a ɗage, ga kunne, ga rabin goshi. Mai Hoto ya daɗe yana kallo kafin ya gane abin da ya faru. In zai wanke hoto, yakan matso da shi ya yanke gefen nan, don kada mai biya ya ga hannun wata a hotonsa. Shekara ashirin da biyu yana yanke ta da hannunsa. Fim ɗin ne bai yanke ta ba.

Daga ranar ya daina zagin akwati. Shi ke buɗe kwali, shi ke goge fim da tsumma mai laushi, shi ke yi wa Auta faɗa in ta makara. Yakan sa ta kumbura idon nan guda har ya cika allo, ya kai hancinsa kusa, ya juya kai don ya kalla da na dama. Yakan sa ta ajiye rabin goshi a hagu, gefen haɓa a dama, ko za su haɗu. Ba su haɗu ba. A kusan duk hotunan ta juya tana kallon wanda ke kujera, in yaro ne tana yi masa wasa don ya yi dariya. Abin da ya samu shi ne ƙeya, da kunne, da ido ɗaya. Da na sani ma ƙeya ce, in ji masu magana, shi kuwa ga ta nan an jera masa ita fiye da ɗari.

Kwalaye suka yi ta raguwa, idon hagu ya rufe gaba ɗaya a kwali na takwas. Ya fara laluben bakin tebur kafin ya ajiye kofi. Auta ta roƙi wata malama ta riƙe mata darasin ƙarshe don ta riƙa zuwa da wuri. Ya ce mata kada ta kashe aikinta saboda tsoho, amma kullum yana bakin ƙofa yana tambayata ƙarfe nawa.

Ranar Asabar da hantsi aka zuba fim na ƙarshe a kwali na goma sha ɗaya. Babu. Mai Hoto ya naɗe tsummansa sau huɗu ya sa a aljihu. Ya yi wa Auta godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce ta yi abin da ɗa ke yi, saura na Allah ne. Ita kuwa, don kada ya ga idonta, ta juya ga allo ta ce bari ta share kwandon shara ta kashe kwamfutar. Ya tambaya wane kwando kuma, shi bai ga kwando ba. Ta ce duk abin da aka goge a nan yake taruwa, ba ya ɓata sai an zubar, kuma ya cika da lalatattun hotunan da ta goge.

"Waɗanne lalatattu? Ni ban taɓa ɓata fim ba."

"Na farkon kowane naɗi, Baba. Biyu-biyu. Haske ya ƙone su, ba kowa a kujera, duk a karkace."

Hannunsa ya tashi da kansa, babban yatsa ya ja iska sau biyu, kamar mai juya kyamara.

Duk mai tsohuwar kyamara ya san kan fim. In ka ɗora sabon naɗi ka rufe murfi, sai ka ja ka harba sau biyu a banza, don wurin da haske ya taɓa ya wuce. Ba a dubawa, ba a saitawa, ba a wankewa. Shi kuma da safe yake ɗora fim, a teburin can ƙuryar shago inda babu rana, kyamara a kan gwiwa, bakinta na kallon ƙofa. A daidai lokacin nan take isowa daga gida.

"Kada ki zubar," ya ce. "Auta, kada ki taɓa komai. Ana iya dawo da su?"

Ta ce dannawa ɗaya ne. Ta zaɓe su duka, ta danna, suka koma mazauninsu, ɗari shida da wani abu. Ta juya baƙi ya zama fari, ta ja wani ɗan layi, duhun cikinsu ya washe. Kwamfutar ta yi ɗan jim tana aikinta, sannan lambar da ke ƙarƙashin da'irar nan ta fara hawa. Wasu rufin shago ne, wasu ƙafar tebur, wasu ƙofa ba kowa. Amma ɗari biyu da tara, ita ce.

Tana bakin ƙofa, haske a bayanta. Ga ta da tsintsiya. Ga ta da filas ɗin shayi a hammata. Ga ta siririya, ga ta da ciki, ga ta da goyo, ɗan kai na leƙowa ta kafaɗarta, Auta ta ce wannan ni ce ko yaya, bai ji ta ba. A wasu haske ya cinye rabin jikinta, a wasu kai ya fita daga hoton. Amma a da yawa fuskar na nan cikakkiya, hanci da baki da ido biyu, ba kwalliya, ba shiri, kuma ba baƙon da take kallo. Shi take kallo. A wani tana dariya har wushiryarta ta fito. A wani ta ɗaure fuska, baki a buɗe, da gani faɗa take yi, ya yi ta ƙoƙarin tuna laifin da ya yi ranar, bai tuna ba, ya ce ko mene ne ita ke da gaskiya.

Auta ta sa su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya da kansu. Da yake duk a wuri guda aka ɗauke su, sai ya zama kamar mace ɗaya ce ke ta isowa ƙofa, tana tsufa a hankali, ba ta ƙarasa shigowa ba. Mai Hoto ya matsa har numfashinsa na dusashe gilashin allo.

"Shigo mana," ya ce a hankali. "Tsayuwar me kike yi a ƙofa?"

Auta ta fita waje wai za ta amsa waya. Ni kuwa wani abu ya faɗa mini a ido, ƙurar shagon nan ba ta da kyau.

Wata biyar idon dama ya ƙara yi masa, kuma bai kashe ko kwana ɗaya a banza ba. Ya ƙi a wanke masa su a takarda, ya ce takarda ba ta kumbura. Da kansa ya jera su daga ƙuruciya zuwa tsufa, yana gane shekara daga zanen da ta ɗaura da tsayin yaron da ke riƙe da hannunta, Auta na sa musu lamba. Ya koyi wurare uku da zai danna, ya riƙa buɗe shago tun kafin in shimfiɗa kayana. Mai neman hoton ubansa ma sai ya jira.

Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Duk da haka kullum da safe sai an kunna masa, ya zauna gaban allo da kofinsa, ya ce in duba in gaya masa wanne ke kai. In na ce ga ta da bokiti, sai ya ce a'a, Ƙi-Mutu, tsufa ya kama ka, wannan kwandon wanki ne, duba hannun hagu. In na duba, kwandon wanki ne.

Wanda ya ce ƙari na yi, shagon bai tashi ba, ni ma ban mutu ba. Ya zo da safe, ya zaɓi lambar da ya ga dama daga ɗaya zuwa ɗari biyu da tara, ya faɗa wa makahon nan. In bai gaya masa abin da ke hannunta da inda take kallo ba, ga gemuna, ya zo da rezarsa.