Buɗe-baki a Kan Keke

A ƙauyenmu, kusa da Hasahisa a ƙasar Sudan, ba a wuce mu da magariba idan azumi ya zo. Tabarmi ake shimfiɗawa a bakin titi, mata su aiko da tuwon asida da hilu-mur, abin shanmu mai sanyi, maza su tsaya tsakiyar kwalta suna tare matafiya. Ƙanen mahaifina, Alhaji Osman, wanda nake kira Ammi, shi ne uban tafiya. Rawaninsa yake warwarewa a gitta shi a hanya, ko direban bas ne sai ya sauko ya ci.

Ni gyaran keke ne sana'ata, kuma haukana mutanen nan ne masu tuƙa keke ƙasa bayan ƙasa, barci kaɗan, abinci a aljihu. A waya nake bin su. Ranar da na ga wani cikinsu ya taso daga Alƙahira zuwa ƙarshen Afirka, yana neman ya fi kowa sauri, kuma da magariba zai ratsa ta gabanmu, sai da na taka rawa a shago. Sannan na tuna da rawanin Alhaji.

"Ammi, wanga mutum da agogo yake tsere," na ce wa Alhaji. "In ka tsai da shi ka ɓata mai aiki."

"Ya zol, kai mutumina, baƙo bai taɓa wuce ni da yunwa ba," in ji shi. "Ba da mai gajeren wando za a fara ba."

Ana shirin kiran salla sai ga shi, siriri kamar karan dawa, ƙafafu kamar injin ban ruwa. Wallahi son shi ya kama ni. Na janyo kekena na ce, "Ammi, hau baya! Mu kai mai!"

Tsohon nan ya harare ni, ya dubi hanya, ya sungumi jug ɗin hilu-mur da kofi ya ɗare. Aka sauke rawani, baƙo ya wuce, muka bi shi. Ina taka keke rai kamar zai fita, Alhaji yana ihu, "Itfaddal! Itfaddal!" wato bismillah. Rabin hilu-mur a bayana ya ƙare.

Baƙon ya waiwayo, ya fashe da dariya, ya sassauta. Ana kabbara ya miƙo hannu ya karɓi kofi ya shanye yana tafiya. Alhaji ya cusa masa dabino a aljihu, ya cusa mini ɗaya a baki. Dariya nake, hawaye na zuba.

Ashe mun kai ƙauyen gaba, su ma sun gitta nasu rawanin.

"Ya sha namu! Ku bar shi!" Alhaji ya daka tsawa.

Suka ɗaga masa ya wuce. Mu kuwa suka riƙe mana keke.

"To ku fa, Alhaji? Matafiya ne ku. Sauko ka ci."