Sarkin da ya manta da farin ƙyalle

Takardar Yaya Harisu ta zo hannuna ran kasuwar Ƙanƙara, a daminar 1956. Salihu tela ne ya karɓo ta wajen direban wata babbar mota, ya kawo mani har makarantar elemantare inda nake koyarwa. Layi huɗu ce. Yana nan lafiya a Bukuru, ramin kuzar da ya rufta ba nasu ba ne, a gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Sati biyu ke nan Baba bai cin abincin kirki a ƙauyenmu Pauwa, tun da aka ce rami ya danne 'yan Katsina. Na sani sarai. Kuma ga mutanen Pauwa cike da kasuwa, ko wa na tara zai kai sallahu kafin magariba. Na ƙi. So nake in hau sabon kekena ran Juma'a, a taru a ƙofar gida, in ware takarda in karanta boko a bainar jama'a. Kai, Allah wadan girman kai!

Ran Laraba da la'asar ina zaune a rumfar Salihu ina zuba masa labarin da wani Bature ya ba mu a Katsina, na wani ɗan sarki a ƙasar Yunanawa. Duk shekara tara garinsu na aika samari da 'yan mata tsibiri, wani dodo mai kan bijimi ya cinye. Ɗan sarki ya ce a sa shi cikinsu. Ya shiga gidan dodon mai lungu dubu yana warware zare don kada ya ɓace, ya kashe shi, ya biyo zarensa ya fito.

"To jirginsu na ruwa iska ke tura shi da wani babban ƙyalle," na ce. "Uban ya ce masa, in ka tsira ka ɗaura fari, in hango daga kan dutse. Gogan naka murna ta ɗauke shi, ya taho da baƙin ƙyallen da suka tafi da shi. Tsoho ya hango, ya faɗa teku. Shi kuwa ya hau gadon sarauta, ya haɗe garuruwa, ana ta yi masa kirari. Wane irin sakarai ne wannan, don Allah?"

Salihu bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba. Ya ce, "Malam Mani, ka aika da takardar nan kuwa?"

Na ce jibi. Har haushinsa na ji, wai tela zai koya mani aikina.

Ashe a ranar Baba ya gaji da jira. Ya ɗauki sandarsa ya nufi Funtuwa a ƙafa, don ya tambayi ma'aikatan jirgin ƙasa ko sun ji wani abu. Ruwa ya dake shi kafin ya kai Faskari, wasu Fulani suka maido shi kan jaki. Da na isa ran Juma'a da kekena mai ƙararrawa, ciwon haƙarƙari ya riga ya kama shi, bai gane kowa. Na durƙusa na karanta masa takardar a kunne sau uku. Asabar da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Bayan kaka Yaya Harisu ya dawo da bargo sabo da ya sayo masa. Muna zaune a rumfar Salihu, Yaya ya share hawaye ya ce, "Mani, abu ɗaya nake so in ji. Baba ya san ina raye kafin ya cika?"

Keken ɗinki ya tsaya. Na ji kunya kamar in nutse, amma bakina ya riga ni.

Na ce, "Ya sani, Yaya. Har dariya ya yi."

Ya ce alhamdu lillahi, ya riƙe hannuna yana sa mani albarka, Salihu na kallona.