Rini a Cikin Kaina

...kuma ba sanyin ɗakin ne ya dame ni ba, Yaya Alcide, wannan ɗaurin ne. Sun ɗaure mini goshi a jikin gadon kamar ƙaguwar da za a kai kasuwa. Idona biyu. Sun ce gara idona biyu, don in riƙa jin umarni.

Likitar ta yi mini bayani da biro a bayan takarda. Wai jijiyar jini ba ta fitowa a hoto sai an zuba mata rini. Za su huda matsematsina, su zura siririyar roba ta bi hanyar jini, ta wuce ciki, ta wuce ƙirji, har wuya. Daga nan su saki rinin, na'ura ta ɗauka. Na ce na gane. Aji tara na tsaya, amma tiyo na san shi. Kai ka koya mini — bi shi da babban yatsa, Nestor, inda ya yi laushi ya kumbura, nan zai fashe. Kullum kafin mu tada inji. Tiyon jirgin ruwa ka duba sau dubu, na kanka fa, wa zai bi shi da yatsa?

Baba jijiyar kai ta fashe masa a bakin gaɓa, ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya. Kai a ashirin da tara. Shi ya sa suka ce a duba wanda ya rage. Hoton farko ya nuna wata inuwa, ba su tabbata ba, sai wannan.

Tana tafiya a cikina yanzu, robar, kuma ba na jin ta. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan... abu yana ratsa mutum shiru.

"Kada ka numfasa, ɗana. Kada ka haɗiye yawu," in ji nas ɗin, Delphine, mai muryar masu waƙar coci.

Zafi. Rabin fuskata ya ɗauki zafi kamar na leƙa tukunyar dafa ƙaguwa, wasu taurari suna fashewa a bayan idona — haka ka gani? Ranar hantsi ne, ruwa kwance, tsuntsaye na bin jirgi. Ka saki igiya ka dafe ƙeya. Ka ce kamar an sare ka da gatari. Ni kuwa dariya. Na ce giyar jiya ce, tsoho, wa ya aike ka rawa har takalmi ya cire? Ka ce mu juya. Na ce saura tarkon ƙaguwa ashirin, mu gama mana, kada ragwanci ya kashe ka.

Ragwanci.

Ashirin, Yaya. Na jawo su ɗaya bayan ɗaya, kana kwance kan buhunan kankara, hula a fuska, ina yi maka waƙar tsiya.

"Numfasa."

Ta gefen ido ina hango allon. Ga shi nan, cikin kaina, baƙi a kan fari... ai fadamarmu ce! Babban rafi ya shigo, ya rabu biyu, ya rabu goma, ƙananan hanyoyin da kwalekwale kaɗai ke shiga. Rinin ya cika su lokaci guda kamar ruwa ya taso, sannan ya janye. Da kana nan da ka ce ga inda za mu kafa tarko. Ina neman wurin da ruwan ya taru ya yi ɗan tafki. Haka likitar ta zana abin da suke nema, ɗan ƙullutu a mararrabar jijiya, kamar 'ya'yan itace guda a reshe.

Mama tana waje, takalmana na roba a cinyarta. Ta hana a sa su a leda. Tun ranar ba ta tambaye ni komai ba, sai dai ta ƙara mini shinkafa, ta tsaya tana kallon ina ci. Ta ɗauka da ka faɗi nan take na juyo da jirgi. Kowa haka ya ɗauka. Likitan da ya karɓe ka ya ce ko da an zo da wuri, wataƙila... Wataƙila me? Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan wannan wai awa shida zan kwanta, ƙafa a miƙe, ba juyi. Awa shida da rufin ɗaki da kai.

Likitar ta matso da fuskarta kusa da allon, ta ce a juya na'urar ta ɗaya gefen. Kuma zuciyata — Allah na gani — ba faɗuwa ta yi ba. Tashi ta yi. Kamar in an ji nauyi a igiya. So nake ta gani? So nake a ce ga shi, irin na yayanka, wuri ɗaya, ka biya bashin? Mama fa, da takalma a cinya, wa za ta ƙara wa shinkafa?

"Saura kaɗan mu gama, Nestor. Daure," in ji Delphine.

Haka na ce maka. Da wannan muryar ma, mai daɗi.

"Kada ka numfasa..."

Na riƙe, Yaya. Zafin yana hawowa. Na riƙe.