Mangwaron Barikin Turawa

Da bazara ta kama, labari ya iske Malam Yahuza a Gwaram cewa an sayar da tsohon barikin Turawa da ke bayan Birnin Kudu, kuma ran Litinin za a sare itatuwan lambunsa. Mahaifinsa ne ya dasa mangwaron lambun nan, lokacin da yake yi wa Bature ban-ruwa. Saboda haka ran Asabar ya ɗauko shatar mota, ya ce sai jikokinsa sun ga itatuwan a tsaye.

Kuskurensa ɗaya: ya tafi da matarsa, Hajiya Turai.

"Malam, mu ratse Maruta, Mairama 'yar ƙanwata ta haihu. Barka kawai zan yi, ko zama ba zan yi ba."

Ta zauna. Aka dama fura, aka sha. A Dingaya kuwa ta'aziyya ce, wadda mai mutunci ba ya wuce ta. Aka yi addu'a, aka kawo dambu. Malam Yahuza ya ƙi cire takalmi don a gane sauri yake yi. Masu gida suka ɗauka ƙafa ke masa ciwo, suka kawo masa kujera.

"Saura gidan yaya Dabo," in ji Hajiya bayan la'asar. "In ya ji mun wuce…"

"Ki ce masa ni ne marar zumuncin. Direba, Birnin Kudu."

"Oh ni Turai! A kan itace?"

"A kan itace."

Suka isa rana ta yi sanyi. An riga an kwashe kwanon rufin, awaki sun karɓi ofishin Bature, kuma bisa ga dukkan alamu suna gudanar da shi cikin kwanciyar hankali. Mangwaron dai yana nan, kowane gindi da alamar jan fenti, rassa sun sunkuyo da 'ya'ya. Maigadi ya ce su tsinka yadda suke so, tunda jibi babu.

Zahara'u, babbar jikar Malam Yahuza, ta dubi kangon ta taɓe baki. "Tsoho, wannan ne yawon buɗe idon?"

"Zauna ki sha mangwaro, sarkin surutu."

"Wallahi cikinmu babu wuri."

"Ba don cikinku na ce ba. Ƙwallon nake so."

Ya zaunar da su a inuwa, ya tsaya a kansu yana karɓar ƙwallo yana zubawa a buhu. Mutanen da suka yini ana ɗura musu abinci suka sha mangwaro kamar masu aikin gayya.

Hajiya ta wanke hannu, ta ce, "To, ina za ka shuka su? Gidanmu duk siminti ne. Gidan yaya Dabo kuwa akwai rijiya, ga fili a baya."

Malam Yahuza ya daɗe yana duban buhun.

"Direba, gidan Dabo."

A can, tun daga ƙofar zaure ya cire takalminsa.